Karsanar Sambo

A ranar ɗaya ga Oktoban 1979, ranar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, dattawan garinmu da ke gefen Bukkuyum sun kewaye rediyon mahaifina a gindin tsamiyar ƙofar gida tun da hantsi. Mu yara muna tsugune a bayansu da allunanmu, muna yi kamar karatu muke. Ana cikin haka sai wani ruri ya taso daga hanyar Anka, ya danne muryar rediyon gaba ɗaya. Kaji suka watse, jakin maƙwabcinmu ya tsinke igiya. Babu wanda ya tambayi ko mene ne. Kowa ya san Guguwa ce, motar Kawu Ummaru, ƙanen Inna.

Doguwar mota ce fara mai kujeru layi uku, tana jigilar mutane tsakanin Anka da Gummi. Da gangan Kawu ya cire mata salansa, don kafin a gan ta a ji ta, kuma duk inda ta bi sai ta bar baƙin hayaƙi mai shiga maƙogwaro. Mu kuwa a wurinmu babu turaren da ya kai wannan hayaƙi. Da mun taso daga karatun safe, mun ɗebo ruwa, mun yanko wa tumaki ciyawa, sai mu zauna bayan rumbu muna fafe karan dawa muna ƙera motoci, mu yi musu taya da fasasshiyar ƙwarya. Bakinmu ne inji. Wanda ya fi kowa kwaikwayon rurin Guguwa shi ne direba, saura fasinja.

Ran nan Kawu ya sauko da gwangwanin jan fenti a hannu. Ya ce wa mahaifina yana so a rubuta masa addu'a a bayan mota da ajami, domin na boko da wasu ke sawa bai kwanta masa ba. Malam, wato mahaifin nawa, ya dube ni ya ce hannuna ya fara kyau, in gwada. Shekaruna goma sha ɗaya. Na fiƙe alƙalamin kara mai faɗin baki, na durƙusa na rubuta "Allah kiyaye hanya". Kawu ya ja da baya, ya karkata hula, ya ce, "Wanga yaro malami na! Ran kasuwar Gummi kujerar gaba taka ta, Lawali." Kwana uku na yi ina ƙirga sallolin da suka rage.

Akwai mutum ɗaya da nake so ya gan ni a kujerar nan fiye da kowa, wato Sambo. Ɗan Fulani ne sa'ana. Kowace shekara idan an cire gero, mahaifinsa yakan kafa ruga a gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki. Ni nake koya wa Sambo baƙaƙe a kan yashi, shi kuma yana koya mini fiton da ake kiran shanu da shi. Yana da karsana guda, ja mai farin goshi, sunanta Wule, wadda saniyar da aka ba shi ranar sunansa ta haifa kafin ta mutu. Ita kaɗai ce tasa a duk garken, kuma daga ita ake sa ran dukiyarsa za ta tashi. Yakan cire mata kaska da hannunsa, ya ɓoye mata kanwa a aljihu. Duk lokacin da na yi masa zancen Guguwa sai ya taɓe baki ya ce, "Motar da ba ta haihuwa, mi ar ranarta?" Wannan magana ta daɗe tana cina.

Ranar kasuwa muka tashi bayan rana ta fito, ni a gaba, tsakanin Kawu da wani mai sayar da albasa. Har yau ban manta yadda bishiyoyi suka riƙa gudu da baya ba. Mun ɗan yi nisa sai ga garken su Sambo yana ƙetare hanya za shi gulbi. Direbobin lokacin suna da ladabinsu: idan aka ci karo da shanu, a rage gudu, a bar inji ya yi ƙasa, a jira sai makiyayi ya ɗaga sanda. Haka Kawu ya yi. Sambo yana gefen hanya, hankalinsa na kan shanu, ko kallon motar bai yi ba. Na ɗaga hannu, bai gani ba. Na kira sunansa, bai ji ba. Sai kawai na miƙa hannu na danna ham da iyakar ƙarfina. Kawu ya firgita, ƙafarsa ta taka totur, Guguwa ta yi wani ruri da ban taɓa jin irinsa ba. Garke ya tarwatse. Wule ta yi tsalle ta faɗa kwazazzabon da ruwan damina ya zaizaye, muka ji ƙarar ƙashi daga cikin mota.

Ƙafarta ta gaba ta karye gida biyu. A nan bakin hanya aka yanka ta don kada ta yi mushe. Sambo bai yi kuka a gaban mutane ba, ya dai tsaya riƙe da igiyar wuyanta. Da mahaifinsa ya iso, Kawu ya cire hula ya ce, "Bappa, ni ad direba, laihi nau na." Bai ambace ni ba, ni ma na ɓoye laifina. Dattijon ya ce ƙaddara ce, ya ƙi a yi zancen ramuwa saboda zumuncinsa da Malam. A makon nan Kawu ya mayar wa Guguwa salansarta. Bayan ya yi sawu biyu sai ya gaya wa Inna, ina ji, "Ashe ko kaɗan gudunta bai rage ba. Ƙarar banza ta nika ɗauka gudu na." Shekara biyu bayan haka su Sambo suka koma wani wurin, ni kuma na tafi neman ilimi. Na yi istigfari ba iyaka, amma na karanta a littattafai cewa haƙƙin bawa sai bawa ya yafe.

Bara ɗana, wanda ke sana'ar haɗa wutar sola a Gusau, ya zo mini Anka, inda nake zaune yanzu, da wata ƙaramar mota mai batir. Ba ta shan mai, ba ta da bututun hayaƙi. Ya ce a ƙasashen da ake ƙera motocin gudu hukumomi suna ta tsaurara doka kan hayaƙi, masu son rurin inji suna kukan cewa zamaninsu ya ƙare. Ni ban ga abin kuka ba. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Yargalma da Bagega ba ma bukatar wani ya koya mana cewa abin da ya shiga iska zai shiga cikin yaro. Da ya ɗauke ni ya taka ta a kwalta, sai da bayana ya manne da kujera, ga shi ba na jin komai sai taya da iska. Nan take maganar Kawu, Allah ya jiƙansa, ta dawo mini. Ɗan Adam ba zai daina son gudu ba, kuma Wanda ya sanar da shi ƙarfe da fetur bai gaza sanar da shi abin da ya fi su ba. Ƙara da hayaƙi ne za su tafi, kuma da ma can ba su ne gudun ba.

Na riga na samu labarin Sambo yana zaune kusa da Gummi. Na kuma yi shekara biyu ina kiwon wata karsana ja mai farin goshi a bayan gida, ina jinkiri don kunya. A makon nan na sa aka kai ta a akori-kura, mu muka bi baya. Mun iske shanunsa kwance a bakin hanya suna tuƙa. Motar ta ratsa ta gefensu, ko ɗaya bai ɗaga kai ba. Sambo ya fito da farin gemu, ya zagaya motar ya ce, "Lawali, wagga lahiya take? Ba ta magana." Bayan mun gaisa na gaya masa komai, kaina a ƙasa. Ya yi dariya har sai da ya dogara da sanda. "Na gan ka, abokina. Hannunka ɗin ga na gani, da jan henti bisa yatsu. Da na hwaɗi, da Malam ya kashe ka da bulala, wa ka koya min sauran baƙaƙe?" Ya shafa goshin karsanar ya daɗe, sannan ya laluba aljihu ya ciro guntun kanwa ya miƙa mata. "Wule ta yi nisan kiwo," ya ce. "Na yahe."

Da za mu tafi ya ce sai an ɗana shi. Na buɗe masa ƙofa, na zaunar da shi a kujerar gaba, ni na koma baya. Ina kewar warin hayaƙin Guguwa da motocinmu na kara, ba zan ɓoye ba. Amma ran nan, muna gudu a hanyar Gummi, ina jin kowace kalma da Sambo yake faɗa.