Baban Sauro da Tayoyin Mai Faci

Ranar da Baban Sauro ya kawo aiki gida, ranar ya san aure ba wasa ba ne. Ya ajiye kejin raga cike da sauro masu rai a kan kabad, ya shiga wanka. Kafin ya fito, matarsa ta feshe su tas da magani.

"Ke! Kayan ofis ne fa! Gobe za a gwada su!"

"To, ofis ya kama musu ɗaki. Da kai kaɗai aka ɗaura mini aure."

Ya ɗauko tsintsiya ya share gawawwakin, fuskar nan kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

Ma'aikacin lafiya ne, gajere, ga tumbi. Duniya na gudun sauro, shi yana bin sa da robar zuƙa a baki, sai ka ce mai shan lemo. Ya leƙa randa, ya leƙa kwata, ya leƙa gwangwanin da ko akuya ta raina. In ya duƙa cikin duro, takalmansa kawai ake gani. Abin da ya kama sai ya kai ɗakin gwaji, a duba ko yana ɗauke da ƙwayar zazzaɓin nan mai sassaƙar ƙashi.

Da damina aka sami ƙwayar a sauron layin makanikai. A layin kuwa 'yarsa ta fari take aure, ga ta da tsohon ciki. Bawan Allah ya bi sawu har bayan katangarta, ya tarar da tsofaffin tayoyin wani mai faci jibge, kowacce cike da ruwan sama, 'ya'yan sauro na ta wutsil-wutsil.

"Maigida, a taimaka a zubar da ruwan nan, a rufe su."

Mai faci ya tashi da faɗa. Wai tayoyinsa sun fi kwanon wani tsabta, wai sauro da rana ma barci yake yi. Yana magana yana susar ƙafa. Ya rantse, ya sosa wuya. Makanikai suka ajiye sifana suka kewaye su.

Baban Sauro ya ja benci ya zauna, ya naɗe hannu a kan tumbi.

"Ba sauri nake yi ba, maigida. Gama susar tukuna, sai mu ci gaba da musun."