Takalmin da Ya Ƙara Mini Tsawo

A bazarar shekarar da fari ya gama da shanun Gure, wata Talata da hantsi, shef, wato shugaban masu aikin hanya, ya dube ni daga sama har ƙasa. Dubawar ba ta ɗauke shi lokaci ba, don babu nisa a tsakani. Yana da wata sanda mai tsaga a jiki, duk yaron da kansa bai kai tsagar ba, ba a ɗaukarsa. Ni saura kamar faɗin tafin hannu. "Je ka gida ka ƙara girma," in ji shi. Wanda aka ɗauka kuwa, kullum da la'asar ana auna masa jar dawa.

Lokacin Baba ya kora ragowar bisashenmu kudu, shiru babu labari. Gida daga ni sai Inna sai ƙannena mata biyu, muna cin anza, 'ya'yan itacen daji, da aka jiƙa har ɗacinta ya ragu. Ƙaramar ma ta daina kuka, sai kallo. Ni ne namijin gidan, ni da ban tsinana komai a lakwal, makarantar boko, ba in ban da satar magaryar mushe malaminmu da tsere ta taga.

Da aka raba kayan agaji, rabon Inna bai faɗa kan bargo ba, sai kan wani takalmin fata mai hawa har ƙwauri, da dunduniya doguwa kamar turken akuya. Ta jefa shi bayan randa, ɓeraye suka yi ta biki. Da na zaro shi don ya cike mini tsawon da ya rage, zoben ƙarfen da igiya ke bi duk sun zube, ramukan sun yage sun haɗe da juna. Ba igiya, ƙafa ba ta zama. Badukun unguwarmu ya bi masu gudun yunwa, sai na zama baduku da kaina. Na ɗaure da waya, ta ƙara yanka fatar. Na gasa ƙusa in huda sababbin ramuka, na ƙone gefe guda har da babban yatsana. Na zauna bayan ɗaki ina kuka ba sauti, ina zagin ɓera da kakansa.

Inna ta zo ta karɓi takalmin daga hannuna. Ta yanko bakin gugarmu, tunda rijiyar ta ƙafe, ta jiƙa fatar ta yi laushi, ta shimfiɗa ta daga ciki. Ta riƙa hudawa da basilla, tana kewaye kowane rami da zare kamar mai ɗinkin bakin faifai. Ta soki kanta ya fi a ƙirga. Washegari ita ta durƙusa ta ɗaure mini, ta ja wandona ya rufe. "Kada ka yi sauri, Ɗan'auta ba kai ba ne," ta ce, "kai ne babba."

Abin da ban lissafa ba shi ne rairayin Gure. Na isa ina tangaɗi kamar ɗan raƙumin da aka haifa jiya, ina tsayawa a layi dunduniyar ta fara nutsewa. Ina ji ina gajarcewa. Na ɗage kan yatsu, nauyina duka ya koma kan ɗinkin Inna, ina karanta duk addu'ar da na sani, har ta cin abinci. Da rami ɗaya ya ɓalle, da na kifa. Bai ɓalle ba. Sandar ta zo, gashina ya shafi tsagar da ƙyar.

Shef ya sauke ido kan ƙafafuna. "Kai, ka yi saurin girma," ya ce. "Hau kamyo, ga motar can. Amma gobe ka mayar wa Madam takalminta." Sai a nan na san na mata ne. Aka yi ta dariya, ni ma na taya su, ranar an dafa dawa a gidanmu.

Yanzu kwalta ta ratsa garin, takalma sun cika kasuwa, jikokina in igiya ta tsinke sai su yar su sayi wani. Ni ma ina da nawa, ƙafa uku ko huɗu, masu kyau. Wadda za ta durƙusa ta ɗaure mini ce babu.