Akuyar da Muka Aika wa Shugaban Ƙasa

Shekara ashirin da biyu ke nan da muka binne yayana Istifanus a bayan cocin ƙauyenmu, kusa da Fadan Kagoma, amma har gobe in aka tambaye ni aikin da ya yi a Legas, tari ne ke kama ni. Ni karatuna a ajin baftisma ya tsaya, can ma malamin ne ya gaji. Abin da na sani, a ƙarshen shekarun saba'in, da soja suka miƙa wa farar hula mulki, an ɗauke shi aiki a ofishin ɗaya daga cikin masu ba shugaban ƙasa shawara. Kafin labarin ya iso gida ya yi ƙiba a hanya. Wai Istifanus ne ke raɗa wa shugaba abin da zai yi kowace safiya.

Mu kuwa damuwarmu ɗaya ce, rafin da ke tsakaninmu da titin Kafanchan. Da ruwa ya sauka, ba kasuwa, ba asibiti, mai naƙuda sai addu'a. A wurinmu ba a zuwa gun babba da baki kawai. Akuya ake kaiwa ta hannun na kusa da shi. In ya dawo da ita, ya ƙi ke nan. In ya ci, magana ta zauna, ko bai ce uffan ba. Dattawa suka zaɓi akuya mai kyau, suka zaɓe ni in kai ta, don na taɓa zuwa Kaduna na dawo da kaina. Muka hau jirgin ƙasa ni da ita. Ta fi ni natsuwa a hanya.

Da Istifanus ya buɗe ƙofa ya gan mu, sai ya zauna a dokin ƙofar ya riƙe kai. Ya ce, "Bulus, shugaban nan ni ma a bango nake ganinsa, kamar yadda kake ganinsa a kalanda." Ya shiga yi mini bayani: akwai oga a kansa, ogan yana da sakatare a kansa, sakataren yana ƙarƙashin mai ba da shawara, shi kuma mai ba da shawarar yakan zauna a benci yana jiran a kira shi. Na ce, "To Yaya, a cikinku wa ke jin maganar wani?" Sai ya miƙe ya ja akuyar ciki. Har yau ban sani ba ko tambayar ce ta wauta ko amsar ce babu.

Ya yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ya bi ofis-ofis da zancen gada. Wannan ya ce ta shafi noma, wancan ya ce ruwa ne, wani ya ce ai maganar jiha ce, wani cikin ladabi ya tambaya ko rafin yana cikin taswira. Akuya kuwa tana ɗaure a bayan gidan tana cin shanyar maƙwabta, har matarsa Saratu ta ce, "Ko ni ko ita."

Mayar da ita gida yana nufin a ce wa mutanenmu an ƙi, su haƙura da rafi har abada. Ranar Kirsimeti ya sa aka yanka ta. Kafin ya kai tsoka baki ya dube ni ya ce, "Ka gani da idonka. Ni na ci." Ni kayan ciki kawai na taɓa, bisa fahimtata cewa ba sa cikin alkawari.

Da ya zo gida hutu ya tsaya gaban dattawa ya faɗi gaskiya tsirararta, cewa shugaba bai ma san an haifi akuyar ba. Babban dattijonmu ya yi murmushi ya ce, "Yaro, bakin ɗan aike ai bakin maigida ne. Shugaba ya ci." Mata suka rangaɗa guɗa. Ya sake maimaitawa, aka yaba masa tawali'u.

Gwamnati ta tafi, wata ta zo, ita ma ta tafi. Da ya yi ritaya ya dawo gida da tsofaffin ƙarafa da ya saya a Kafanchan, yana tara siminti buhu-buhu, yana kiran gayya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ashe kayan ciki ma suna ciki, don rani bayan rani ni ke ɗaukar dutse, in na ɓuya a gonar citta ya aiko a nemo ni. Ranar da aka gama gadar, dattawa suka yi wa shugaban addu'a ta musamman, mutumin da ya daɗe da barin kujera, suka raɗa mata suna Gadar Shugaban Ƙasa. Istifanus ya ce amin tare da kowa.

Yanzu masu ba da shawara sun yi yawa har ɗan maƙwabcina ma yana ba kansila shawara, daga gindin mangwaro, da waya a hannu. Nakan so in ji abin da Yaya zai ce. Ina jin ba zai yi dariya ba, ni ne mai wannan halin. Wataƙila tambaya zai yi, a cikin masu cin akuyoyin yau, wa ya san cewa ya ci? Ni dai na ga raguna da shanu suna tafiya, ban ga wadda aka dawo da ita ba, ban kuma ga gada ba. Ko dokar ce ta canza ba a gaya mini ba, oho.

Ban san ko yayana ya taɓa ba wani shawara an ɗauka ba. Sunansa ba ya jikin komai sai kabarinsa. Amma gadar tana nan, damina ta zo ta wuce ta ƙarƙashinta. Kwanan baya wani ɗan acaɓa ya ɗauko ni, muna tsakiyarta ya ce, "Baba, ka san shugaban ƙasa ne da kansa ya gina mana wannan?" Na buɗe baki in gyara masa, sai na rasa ta inda zan fara. Na ce, "Na san shi, ɗana. Akuya ɗaya muka ci."