Tafarnuwar Gwaggo Bushira

A Aliero, inda kowa da ubansa manomin albasa ne, Gwaggo Bushira tafarnuwa ta riƙe. Dunƙule biyar mahaifiyarta ta ɗaure mata a gefen zane ranar da aka kawo ta daga Mungadi: ƙanana, masu jan ɓawo, ƙwaya ɗaya ta ishi tukunyar miya. Uwar ta daɗe da rasuwa, kuma wannan irin kaɗai ya rage wa Bushira daga hannunta.

Shekara talatin tana shuka ta a fangali biyu bayan madafa. Da sanyi ya shigo sai ta ɓare dunƙulen, ta dasa ƙwaya-ƙwaya, tsini sama. Ba ta sayarwa, amma duk yarinyar unguwa da za a kai ɗakin miji, sai ta cusa mata dunƙule ɗaya cikin kwanuka. Mijinta, Malam Ummaru, gwanin fitar da irin albasa, yakan kira fangalin wasan mata.

Shekarar da 'yarsu Zahra'u ta haihu a Jega, Bushira ta tafi zaman jego, ta bar masa amana. Ta ce idan ganye ya fara rawaya ya yanke ruwa, ya tone. Ya ce ta ji da tafiyarta, ba yau ya fara noma ba.

To, gwaninta ce ta ci shi. Ya ƙudura zai ba ta mamaki: zai bar tafarnuwar ta yi fure kamar albasa, ya tara mata baƙin iri cikin kwalba. Ganye na bushewa, shi kuwa yana ƙara ruwa safe da yamma, yana jiran furen da wannan tafarnuwa ba ta taɓa yi ba. Da Bushira ta dawo ta sa hannu a ƙasa, ruɓa ta damƙo. Ta zauna bakin fangalin ta yi kuka kamar ranar da aka rufe uwarta.

Ummaru ya ji kunya ƙwarai. Ya sayo tafarnuwar kasuwar Jega, fara tas, manya-manya. Ta shinshina ta mayar masa. Sai ta tuna amarenta. Washegari ta ce ya tayar da babur.

Gida shida suka shiga, duk an cinye a miya tun shekarar aure. Na bakwai a Kuberi ne, gidan Fadila, wadda aka kai shekara goma sha biyu da suka wuce. Tun daga zaure Bushira ta ji warin. A rumfar tsakar gida ga dami-dami na tafarnuwa rataye, ja-ja, har maƙwabta ma daga nan suka samu iri.

"Gwaggo, wagga ai taki ta," in ji Fadila. "Guda kinka ba ni. Ɗebi abinki."

Bushira ta ɓare ƙwaya ɗaya ta kai hanci, ta yi dariya da hawaye, don farin cikin ya fi ƙarfinta. Buhu aka kawo mata, ta ƙi. Ta zaɓi dunƙule biyar ta ɗaure a gefen zane.

Bana fangalinta huɗu. Malam Ummaru ke jawo ruwa daga rijiya, amma a bakin shinge yake ajiye bokitin.