Gorar Yaya Sale da Zaren da Bai Zo Ba

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar yayana Sale, kuma har yau in na tuna shi haushi ne ke riga kewa zuwa. Allah ya jiƙansa, mutumin kirki ne, amma taurin kansa ya cuce shi, ya cuce mu.

Direba ne, yana jigilar masu ziyara tsakanin Madina da Badar. Abin da ya gada wurin mahaifinmu bai wuce gorar fatsa guda ba, doguwa, siririyar kai, wadda Baba ya taho da ita daga Yawuri lokacin da ya zo aikin Hajji bai koma ba. Zarenta na asali ya daɗe da ruɓewa. Yaya ya ce ba kowane zare ake ɗaura wa irin wannan gora ba. Sai wanda aka murɗa da hannu, aka shafe da kakin zuma, mai kauri daga gindi yana sirancewa har bakin ƙugiya. In ya yi nauyi zai karya kan gorar, in ya cika sauƙi iska ta dawo maka da shi a fuska.

Duk ranar Alhamis abokansa sukan wuce Badar su sauka bakin teku da sandunansu na kanti da zaren lailon, su dawo da kifi. Shi ne ma yake kai su. Sai ya zauna a inuwar mota yana kallo, gorarsa tana gida a naɗe cikin tsohon zanen Inna.

Mu haihuwar nan Madina muna da wata wauta: gani muke ƙasar iyayenmu tana nan yadda suka baro ta. Saboda haka duk shekara Yaya yakan bi masaukin alhazai yana neman mutanen Yawuri, ya yi musu hidima, ya ba da sallahun zare. Wasu su manta, wasu ba a sake ganinsu. Wata shekara wani dattijo ya cika alkawari, ya aiko ɗansa da ƙunshi. Ina wurin Yaya ya kwance shi. Lailon ne, irin wanda ke rataye a shagon da ke bayan gidanmu a unguwar Al-Sih, har da rubutun Larabci a jikin kwalin. Daga Jidda 'yan kasuwa suka kai shi can Yawuri.

"Alhaji, ai yanzu da shi kowa ke su," in ji mai kawowar. "Masu murɗa wancan duk sun mutu."

Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan. Ina! Da Hajji ya zagayo ya koma masauki, wai wataƙila a ƙauyukan ƙetaren kogi akwai sauran tsoho ɗaya.

Sai ciwon suga ya kama shi, likita ya ce ƙafar hagu ba za ta tsira ba. Kafin a kwantar da shi na tafi shago da kaina, na sa aka zaɓo min mafi sirantar zaren da suke da shi, na ajiye masa a cinya.

"Yaya, don Allah ɗaura wannan mu tafi gobe, tun kana iya tsayuwa. Ɗanka Faisal zai tuƙa mu."

Ya murza zaren tsakanin yatsunsa, ya daɗe, ya miƙo min. "La, Halima. Zai karya mata kai. Khalli, bari alhazai su zo."

Alhazai sun zo, sun tarar mun yi sadakar bakwai.

Yanzu in na ratsa kasuwa ina ganin shagunan kayan kamun kifi cike da zaruruwa kala-kala, kowanne da lambarsa, wai wannan na sanda mai laushi, wancan na mai tauri. Nakan tambayi kaina ko da yana raye zai sami nasa a ciki. Na san amsar. Zai taɓa su ɗaya bayan ɗaya, ya yi tsaki, ya ce hannun mutum bai murɗa su ba.

Faisal, babban ɗansa, yana jin Hausa amma da Larabci yake ba ni amsa. Tattabaru yake kiwo a saman bene a unguwar Aƙiƙ. Ya ɗauko gorar ya ɗaura mata baƙar leda a kai, kullum da la'asar yana kaɗa ta don tsuntsayen su tashi. Ranar da na fara gani na hau benen a fusace, zan ƙwace. Da na isa sai na tsaya ina haki, na bar masa ita. In mayar da ita cikin zane ta yi wa wa amfani?

Mata ba ma shiga maƙabartar Baƙi'a inda aka binne shi, kabarin kuma ba alama. In na je sai dai in tsaya a bakin shinge in yi addu'a ga duk wanda ke ciki. Abin da ya rage min na Yaya da ido zai gani shi ne gorar nan, lafiyarta ƙalau, ko tsagewa ba ta yi ba, kamar yadda ya so. Ni kuwa wallahi da ma ta karye gida biyu a hannunsa a bakin teku, ina tsaye ina kallo, ya juyo yana min faɗa.