Ɗaliban Da Ba Su Taɓa Ganin Ƙanena Ba

Ƙanena likitan ƙwaƙwalwa ne, amma a gaban Baba bakinsa mutuwa yake yi. Mutumin da yake buɗe ƙoƙon kai ya mayar ya rufe hannunsa bai yi rawa ba, da Baba ya yi gyaran murya sai ka ga yana sosa ƙeya. Ni ce yayarsa, ni na goya shi, saboda haka ina da bakin faɗa.

Da ya dawo daga karatu a waje, babban asibitin Kumasi ya ɗauke shi. Yawancin waɗanda ake kawo masa makanikan unguwar Suame ne, wani inji ya faɗo masa a ka, wani jak ya zame mota ta danne shi. Ya lura wasu sukan warke sarai, daga baya sai farfaɗiya ta kama su. A kan wannan ya duƙufa. Yana bin su har gareji, yana rubutawa, ana bugawa a mujallun likitoci na ƙasashen waje. Mu a unguwarmu ta Alabar ba mai karantawa. Na taɓa ƙwace ɗaya a hannun matarsa tana shirin ƙunshe ƙosai da ita.

A ƙarshen 1969 aka ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. Baba ya zo daga Nijar tun yana saurayi, ya tsufa a fataucin goro, bai taɓa neman wata takarda ba. Ni mijina ya tsaya mini. Ƙanena asibiti ya samo masa izinin zama. Amma Baba ya ce shi kaɗai ne ɗansa namiji, ƙafarsa ƙafarsa. A garin su Baba kuwa ko wurin ɗinke rauni babu, balle na buɗe kai. Tafiyar tana nufin aikin ya mutu ke nan, kuma yaron nan ba zai taɓa yi wa Baba musu ba. Har ya fara ɗaure littattafansa.

Baba ya daɗe yana zama gaban malamai, kuma ma'auninsa ɗaya ne. Ya dubi ƙanena a zaure ya ce, “Ana ce mini kai malami ne a fanninka. Wa ya ɗauki karatu a wurinka?”

Sai wannan bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce babu kowa. Wallahi haushi ya kusa kashe ni.

Ni dai ban yi boko ba, amma ido gare ni. Na san katunan da masinja yake kawo masa daga likitocin da suke roƙon ya aika musu rubutunsa. Na san mujallun da yakan buɗe ya yi ta murmushi shi kaɗai. Na tafi gidansa, na kwaso su cikin kwanon talla, na dire a gaban Baba. Na ce Dokta ya karanta ya fassara, in ya rage kalma ɗaya ni da shi ne.

Ya karanta yana in'ina. Wani likita a Indiya ya rubuta cewa ya daina sallamar masu raunin kai da wuri, saboda abin da wane ya gani a Kumasi. Wani a Turai ya kafa hujja da shi sau da yawa cikin rubutu ɗaya.

Baba ya tambaya ko sun taɓa zama a gabansa. Ƙanena ya ce ko fuskarsu bai sani ba. Baba ya ce malamin da ya biya masa fiƙihu shi ma bai taɓa ganin mai littafin ba, amma kullum da sunansa yake buɗe karatu. Waɗannan ɗalibai ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Daga nan ya yi tambaya a kan jerin sunayen da ke ƙarshen rubutun ƙanena. Aka ce masa mutanen da ya ɗauko ilimi daga gare su ne. Ya tambaya ko ya taɓa yi musu sadaka. Da ya ji a'a, ransa ya ɓaci sosai, ya ce in soya masa, wato waina, ranar Juma'a a raba. Ƙanena ya yi ƙunƙuni cewa yawancinsu ba Musulmi ba ne, kuma suna raye. Na taka masa ƙafa. Na soya masar, an raba a ƙofar masallaci.

Amma kafin mu tashi a ranar da na kawo kwanon, Baba ya ce a nuna masa inda ɗan Indiyan ya rubuta sunan ɗansa. Ƙanena ya ɗora yatsa ya karanta. Tun a makaranta da sunan uba ake kiran yaro, nasa sunan harafi ɗaya ne kawai a gefe.

“Wannan ai sunana ne,” in ji Baba.

“Da shi suka san ni, Baba.”

Baba ya daɗe da babban yatsansa a kan wurin. Ya ce, “Je ka kwance kayanka.”

Mun raka Baba tashar mota da buhunsa ɗaya da buta. Damina ba ta ƙare ba a 1970 labarin rasuwarsa ya iso mu. Katunan ba su daina zuwa ba, kuma da yake ƙanena yana asibiti wuni, gidana ya sa ake kawo su. Masinja yakan tsaya a ƙofa ya kira sunan Baba da ƙarfi, ni kuma in fito in amsa.