Wanda Ba Ya Wuce Kowa

Tela ne, kuma har yau shagonsa na nan a lungun bayan tasha, da keken ɗinki na takawa wanda 'ya'yansa suka gaji da roƙon ya sayar. Amma a ƙungiyar masu yawon keke ba mai ce masa tela. Baba Wutsiya suke kiransa, saboda aikin da ya riƙe musu tun suna 'yan tsiraru.

A gandun dajin gwamnati da ke bayan gari akwai hanyoyin keke uku, kowace an shafa wa itatuwanta fenti don kada a ɓata. Koriya ta yara ce da masu koyo, tana zagaya tafki ta dawo bakin ƙofa kafin mutum ya yi gumi. Shuɗiya ta ɗan fi ta tsawo. Ja kuwa ita ce ke kutsawa cikin dajin, ta bi kwari, ta haye gadar katako, ta hau wani tudu mai saiwoyi da ake kira Sauka-ka-tura, sannan ta gangaro. Ja ƙungiyar ke bi kowace Asabar, kuma suna da wata doka da ba a taɓa yi wa gyara ba. A ƙarshen ayari akwai mutum guda da tuta mai ruwan ɗorawa ɗaure a kariyar kekensa, shi ne wutsiya. Ba ya wuce kowa. Wanda tayarsa ta sace, ya tsaya masa. Wanda numfashinsa ya ƙare, ya jira shi. Ba ya tura mutum, ba ya ba da shawara sai an nema. Ayari kuma ba ya watsewa, mai gadi ba ya rufe ƙofa, sai tutar ta fito.

Ba don rauni aka ba shi aikin ba. Ƙafar da ta wuni tana taka keken ɗinki ba ta ɗauki tudu a bakin komai ba, kuma da ya so, da ya riga kowa fita ya sha ruwa ya huce. Haƙuri ne ya ja masa. Shekara da shekaru yana bin bayan mutane, har ya fi sanin 'yan ƙungiyar ta ƙeya. An ce ya taɓa haɗuwa da Shugaban ƙungiyar a kasuwa bai gane shi ba sai da ya juya baya. Wandunan da sirdi ya cinye ma shagonsa ake kai su, don shi ke fara ganin inda suka soma yagewa.

Kyawun aikin wutsiya shi ne, in tsufa ya kama mutum ba a saurin ganewa, tunda dama shi ne na ƙarshe. Shi dai ya gane tun kafin kowa, bai ga dalilin sanarwa ba. Sai aka fara lura cewa wanda ya fi kowa nawa yakan fito, ya jingine keke, ya gama hira, tuta ba ta fito ba. Daga nan wata Asabar saiwa ta kwashe shi a gangara, ya fito da gwiwa a ɗaye da tabarau a karye. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ita ta wanke ciwon. Ba ta ce masa komai ba, sai ta je ta ce wa Shugaba.

Shugaba mutum ne mai kirki, ya kuma iya magana. A taron da aka yi ƙarƙashin rumfar bakin ƙofa ya yabi Baba Wutsiya yabo irin wanda ba a cika yi wa mai rai ba. Ya naɗa shi Uban Ƙungiya, ya ɗora shi a kan koriyar hanya ya riƙa sa wa yara ido. Tuta kuma aka ce mijin Auta zai karɓa, wani mai kantin magani, mai ladabi, wanda tun da ya auri 'yar bai taɓa haɗa ido da uban ba. Aka yi tafi.

Da yamma Auta ta same shi a shago yana kafa maɓalli.

"Baba, girmama ka fa aka yi."

"Na gani. Haka ake girmama tsohon keken ɗinki, a lulluɓe shi da zane a ɗora masa fure."

"Koriyar ma ai hanya ce."

"A kanta kika koyi keke. Ni na riƙe miki sirdi kina kuka kina cewa kada in saki. Yanzu ni za a mayar can in riƙa zagaya tafki da agwagi."

"To gwiwarka fa?"

"Tana gaishe ki," in ji shi, ya ciji zare.

Ranar Asabar ya zo da wuri. Da hannunsa ya kwance tutar daga kariya, ya kaɗe ta, ya miƙa wa surukin da hannu biyu. Kowa ya ji daɗin yadda dattijo ya ɗauki abin. Da aka busa usur ayari ya nufi itatuwa masu jan fenti, sai ya hau kekensa ya bi su.

Shugaba ya dawo da baya. "Baba, koriya ta can ce."

"Na san inda take. Tuta na ji an karɓa, ban ji an karɓi keke ba. Akwai dokar da ta hana ɗan ƙungiya bin ja?"

Babu. Ba wanda ya taɓa ganin bukatar yin ta. A nan ne Shugaba ya dubi surukin, surukin ya dubi tutar da ke bayansa, duka biyun suka tuna da dokar da take akwai.

Kafin a kai kwari ayarin ya ɓace musu. Saura su biyu, tsoho a gaba yana taka feda kamar mai ɗinkin da ba a matsa wa ba, saurayi a baya a kan sabon keke mara nauyi mai giya barkatai, wanda aka ƙera don gudu. Tafiya a hankali ta fi gudu wuya, abin da ba a gaya wa mijin Auta ba ke nan. Hannunsa bai bar birki ba, tayar gaba tana ta lilo, ƙafarsa na sauka ƙasa tana komawa. Ƙudajen daji, da ba su taɓa samun damar saninsa ba, suka yi masa rakiya.

Baba Wutsiya bai waiwaya ba, amma yana jin ƙarar sarƙa a bayansa, abin da bai taɓa ji ba a dajin nan. Gabansa kuma babu ƙeyar kowa. Babu gorar ruwa da ta faɗi da zai tsinta, babu wanda zai ƙirga. Sai ya ɗaga kai, ya ga ashe itatuwan wajen gada sun haɗe a sama, haske na zubowa ta tsakaninsu. Ya ɗan ji haushi da ba wanda ya taɓa gaya masa.

A gindin Sauka-ka-tura ya ƙi sauka. Ya miƙe a kan feda, ya ci kamar rabin rabi, sannan gwiwa ta ce ita a nan ta tsaya. Ya sauka, ya zauna a kan saiwa. Ƙirjinsa na bugawa har cikin kunne, bakinsa ya bushe, kuma ya san in aka ɗauke shi daga nan a bayan wani, shi da jar hanya sun yi sallama ke nan. Surukin ya tsaya nesa kaɗan, ya yi gyaran murya.

"Baba, ko in..."

"An tambaye ka?"

"A'a, Baba."

"To wutsiya ba ta magana."

Wayar surukin ta yi ƙara. Ya juya baya, ya rage murya. "Muna hanya. Lafiya lau yake. Itatuwa yake dubawa." Ya saurara. "Ke ki zo ki faɗa masa."

Tsohon ya miƙe ya kama kan keke. Ya tura, ya tsaya, ya sake turawa. A bayansa saurayin da zai iya haye tudun yana waƙa shi ma ya sauka yana tura nasa, tunda babu yadda za a hau keke a wannan saurin. Da suka kai sama, a gangara Baba Wutsiya ya riƙe birki sosai, ya kauce wa saiwar da ta kayar da shi.

Rana ta yi sanyi kafin su fito. 'Yan ƙungiya na zube a rumfa, ruwa ya ƙare, hira ta ƙare, mai gadi na kaɗa makullai. Auta na tsaye ta harɗe hannu. Ta dubi ubanta daga sama har ƙasa, ta ga ba jini, sannan ta dubi mijinta, wanda ke ƙoƙarin miƙe yatsunsa.

Shugaba ya ja tsohon gefe. "Baba, tunda da tuta da ba tuta kai ne na ƙarshe, ka karɓi abinka kowa ya huta."

"A'a, ranka ya daɗe. Kun ba yaro aiki, ku bar shi ya koya." Ya goge tabarau da bakin riga. "Ni na daɗe ina jiran mutane, ban taɓa sanin yadda wanda ake jira yake ji ba. Ashe ba laifi."

"To dole mu yi doka a kan shekaru."

"Ku yi mana. A kira taro, ni ma ina da bakin magana."

Taron ƙungiya kuwa a rumfar nan ake yin sa, bayan tuta ta fito, don ba a yanke hukunci da ɗan ƙungiya a cikin daji. Shugaba ya juya zai buɗe taro, ya tarar rabin mutanensa sun riga sun hau kekuna, sauran suna neman takalma. Aka ɗaga sai Asabar mai zuwa. Asabar mai zuwa Baba Wutsiya ya sake bin ja, tuta ta sake fitowa da yamma, yunwa ta sake watsa mutane. Maganar dokar tana nan, ba a janye ta ba, ana dai jiran ranar da za a fito da wuri.